Darunan tagulla na Haikalin Sulaiman: wa ke tura su?

Bamaguje_77
Salama alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni, ga masu tarihi da masu lissafi. A Littafi Mai Tsarki, 1 Sarakuna sura 7, an lissafa kayan tagulla da aka yi wa Haikalin Sulaiman a Urushalima. Akwai babbar kwatarniyar nan da ake kira Teku, akwai kuma daruna 10, kowanne a kan dakalinsa. Dakalin kamu 4 ne tsawonsa, kamu 4 faɗi, kamu 3 tsayi, daron kuma yana cin bat 40 na ruwa. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, kowane dakali an yi masa ƙafafu huɗu irin na keken doki. To idan bat ɗaya wajen lita 22 ne, kamar yadda aka fi faɗa, daro ɗaya lita 880 ke nan, kusan tan guda na ruwa, ban da nauyin tagullar kanta. Wa ke tura wannan? Ina ake kai shi? Ni dai a ganina ƙafafun nan ado ne kawai.

KawuSambo
Mutumin da aljanu ke yi wa aiki kake tambayar wa ke tura masa daro?

Abu_Safwan
Wa alaikumus salam. Kawu, wasa kake yi amma ka taɓo wani abu. A Suratu Saba'i, aya ta 12 da 13, Allah ya ce ya gudanar wa Annabi Sulaiman, alaihis salam, maɓuɓɓugar narkakkiyar tagulla, aljanu kuma suna yi masa abin da yake so na gine-gine da mutum-mutumi da manyan akusa kamar tafkuna da tukwane kafaffu. Sai dai kada mu yi gaggawar cewa su ne waɗannan darunan. Malaman tafsiri sun fassara akusan da na cin abinci, waɗanda jama'a masu yawa ke zagayewa, tukwanen kuma na girki ne da ba a ɗaga su saboda girma. Abin da ya zo ɗaya a wurin kowa dai shi ne an yi aikin tagulla mai ban mamaki a zamaninsa. Tambayata ga ɗan'uwa Bamaguje, shin alwala ake yi a darunan?

Fasto_Z
Malam Abu Safwan, an raba musu aiki. 2 Tarihi 4:6 ya faɗa a fili: darunan goma na wanke naman hadayar ƙonawa ne, Tekun kuma na wankin firistoci. Biyar suna kudu da Haikalin, biyar suna arewa, Tekun yana kusurwar kudu maso gabas.

Asalin dokar kuwa ta girmi Sulaiman nesa ba kusa ba. Tun a jeji, a Fitowa sura 30, aka umarci Musa ya yi daro guda na tagulla da gammonsa, ya ajiye shi tsakanin alfarwa ta sujada da bagade. Haruna da 'ya'yansa za su wanke hannuwansu da ƙafafunsu kafin su shiga alfarwar ko su matso bagaden, kuma har sau biyu aka maimaita cewa don kada su mutu. Hannu da ƙafa kaɗai aka ambata. Babu fuska, babu shafar kai, kuma ba a ɗora wa kowane mai ibada ba, firistoci kaɗai. A cikin dukan kayan da aka lissafa wa firist, daga rawani har wando, ba a ambaci takalmi ba, don haka ƙafa tsirara suke aiki a farfajiyar da ake yanka.

Abu_Safwan
Na gode Fasto. Ashe ta yi kama da alwala ta gefe ɗaya, ta saɓa ta wani gefen.

TsohonGaruwa
Ku ba ni wuri, nan fagena ne. Na tura kurar ruwa ina saurayi kafin Allah ya buɗa min wata hanya. Jarka 12 mai lita 25, lita 300 ke nan, kuma in ka zo inda yashi yake ko ɗan tudu sai ka ji kamar ƙirjinka zai tsage. Daron da Bamaguje ya lissafa jarka 35 ne, wato kura uku a kan ƙafa huɗu. Amma ba nauyin ne ya fi damuna ba. Kura ƙafa biyu gare ta, shi ya sa kake danna hannu ka juya ta a lungu yadda ka ga dama. Abu mai ƙafa huɗu in na gaban ba sa karkatawa, gaba da baya kawai zai yi. Fasto, an faɗi yadda aka haɗa ƙafafun?

Fasto_Z
An faɗa, Baba. Sandunan da ke riƙe da ƙafafun a haɗe suke da jikin dakalin, tsayin kowace ƙafa kamu ɗaya da rabi, kuma duka na zubi ne.

TsohonGaruwa
To shi ke nan, ba ya kwana. Mutum huɗu ko shida za su iya gusa shi a kan daɓen dutse mai santsi, amma a miƙe. Kuma ruwa a buɗaɗɗen daro ba kamar na jarka ba ne, kana tsayawa zai taho maka gaba ɗaya. Ni na fi yarda ana tura shi babu ruwa zuwa inda ake so, a cika shi a can.

MalamarLissafi
Baba Garuwa ya yi magana. Bari in ƙara da awo, kowa ya ɗauki abin lissafinsa ya duba ni.

Kamu na gama-gari wajen santimita 45 ne. Dakali ke nan mita 1.8 kowane gefe, tsayinsa mita 1.35. A ɗora daron a sama, bakinsa ya kai ko ya wuce kan mutum. Ba abin da za ka sunkuya ka tsoma hannu ba ne.

Tekun ya fi ba da ciwon kai. Faɗinsa kamu 10, kewayensa kamu 30, zurfinsa kamu 5, kaurinsa tafin hannu. In jikinsa a miƙe yake kamar ganga, zai ci wajen lita 36,000. In rabin ƙwallo ne, wajen 24,000. Amma 1 Sarakuna ya ce bat 2,000 yake ci, wato lita 44,000, 2 Tarihi kuma ya ce 3,000. Sai dai in an yi amfani da dogon kamu mai santimita 52, wanda zai ba da wajen lita 55,000 a siffar ganga, ko kuma cikinsa ya buɗe fiye da bakinsa, ko bat ɗinsu bai kai namu na lissafi ba. Nauyin tagullar kuwa, da kaurin santimita 7 da rabi, ina samun tsakanin tan 20 da 30, ban da shanu 12 na tagulla da yake zaune a kansu.

Dan_Gaskiya01
Yawwa, an zo wurin. Faɗi 10, kewaye 30. Ɗan aji ɗaya na sakandare ya san ya kamata ya zama 31 da ɗoriya. Ga 2,000 a nan, ga 3,000 a can. Wannan shi ake ce mana tarihi?

MalamarLissafi
Ɗan Gaskiya, in tela ya ce maka yadi uku, ba ya nufin ya auna zare-zare. Wanda ya rubuta ya ba da cikakkun lambobi ne, 10 da 5 da 30. In faɗin ainihi 9.6 ne, kewayen zai zama 30 da ɗan kaɗan, kowanne kuma a cike shi zuwa lamba mafi kusa. An kuma ce bakinsa a buɗe yake kamar furen bado, to in an auna faɗi daga leɓe zuwa leɓe, aka ɗaura igiya a ƙasa da leɓen, dole kewayen ya ragu. Maganar 2,000 da 3,000 ita ce ta gaske, ita kam ban da maganinta.

ɗan_tarihi
Malama, Yahudawa da kansu sun riga mu tayar da wannan. A Talmud, kundin bayanan malaman Yahudawa, a sashen Erubin, an ce 2,000 awon ruwa ne, 3,000 kuma awon busasshen abu ne, wanda ake tulawa har ya yi tsini sama da baki. An kuma ce kamu uku na ƙasa murabba'i ne, biyun sama ne kewayayyu. Masana na zamani da yawa suna ganin kuskuren mai kwafi ne kawai, ko kuma marubucin littafin 2 Tarihi, da ya zo ɗaruruwan shekaru bayan an rushe Haikalin, ya yi lissafi da wani ma'auni daban. Yosifus, Bayahude marubucin tarihi na zamanin Romawa, ya bi 3,000, ya kuma ce siffarsa rabin ƙwallo ce, wanda ya ƙara dagula lissafin Malama.

Mu koma ga ƙafafun. An tono irin waɗannan dakalan a tsibirin Kubrus, na tagulla, masu gefe huɗu da ƙafafu huɗu, da zobe a sama inda ake ɗora daro, jikinsu da siffofin dabbobi masu fikafikai da itatuwa. Na wajen ƙarni na 12 ne kafin haihuwar Annabi Isa, akwai a gidan tarihi na Landan da na Balin. Duk wanda ya ga hotonsu ya karanta 1 Sarakuna 7 zai ce ai su ne, zakuna da shanu da kerubobi, wato halittu masu fikafikai, da dabino. Bambancin ɗaya, na Kubrus ba su kai gwiwar mutum ba, yaro ma zai ja su. Wanda ya yi wa Sulaiman aikin kuwa, Huram, mutumin Taya ne, uwarsa gwauruwa Ba'isra'iliya, ubansa maƙerin tagulla na Taya, garin da jiragensa ke zirga-zirga zuwa Kubrus. Ra'ayina, ya ɗauko fasalin da ya gada ne ya ninka girmansa don ya dace da gidan sarki, ƙafafun suka biyo fasalin ko da amfaninsu ya ragu.

Bamaguje_77
Ka ga ni ma abin da nake faɗa ke nan. Ado.

SarkinPawa_Jr
A'a yallaɓai, ado ina? Ku duka babu wanda ya taɓa wanke tumbin sa, shi ya sa. Fasto ya ce na wanke naman hadaya ne, ko? Wane ɓangare?

Fasto_Z
Littafin Firistoci 1:9, kayan ciki da ƙafafu. Su ake wankewa kafin a ɗora a wuta.

SarkinPawa_Jr
Madalla. Kayan ciki. Tumbin sa ɗaya in ka farke shi, abin da ke fita sai ka cika baro. Ka zazzage, ka ɗauraye, ka juya shi ka goge saƙar zumar nan lungu-lungu, ka zo kan hanji ka tatse shi ka ɗura ruwa ya bi ta ciki har sai ya fito fari. Ba a tsoma shi cikin ruwan da za a sake amfani da shi, zubawa ake yi daga sama yana gangarewa. Don haka tsayin da Malama ke kuka da shi, ni a wurina daidai ne, ruwa a sama, aiki a ƙasa. Kuma a ranar da yanka ya yi yawa, ba nama ake kai wa ruwa ba, ruwa ake matsowa da shi kusa da masu fiɗa. Ko taku goma ka gusa shi ka rage wa mutane wahala. Wanda ya zuba tan na tagulla ba zai yi ƙafar banza ba.

UwarBiyu
Sarkin Pawa ka sa na ajiye cokali.

Ni abin da ya tsaya min a rai daban ne. Daron farko na zamanin Musa, Fitowa 38:8 ta ce da madubin mata aka yi shi, matan da ke hidima a ƙofar alfarwa. Madubin lokacin ba gilashi ba ne, faifan tagulla ne da ake gogewa har ya riƙa nuna fuska, irin na Masar. Ku duba, mace a jeji, ba kasuwa ba kanti, ta cire madubinta ta bayar, kuma daron da aka yi da shi ba za ta taɓa wanke hannu a ciki ba, na Haruna da 'ya'yansa ne. Duk lissafin kamu da bat da kuke yi, shi wannan daron ko awonsa ba a faɗa ba, amma an faɗi masu madubin.

KawuSambo
Uwar Biyu, yau a ce ku kawo wayoyinku a narka, mu ga mai bayarwa.

UwarBiyu
Kawu, fara miƙo taka.

Abu_Mus'ab
Ni fa ban gane wannan zaman ba. Ana cewa Annabin Allah ya sa an ƙera shanu 12 a ɗakin ibada, kuna ta lissafin lita. Bayan abin da ya faru da ɗan maraƙin Samiri? Wannan Isra'iliyyat ne, a bar shi.

Abu_Safwan
Akhi, a yi a hankali. Ayar da na kawo ta Saba'i ita da kanta ta ambaci mutum-mutumi cikin abin da ake yi masa, malamai kuma suka ce ya halatta a shari'arsa, an haramta a tamu. Game da labaran Banu Isra'ila, hadisi ya zo a Bukhari cewa a ba da labari daga gare su babu laifi, wani kuma ya ce kada a gaskata su kada a ƙaryata su. Ba aƙida muke ɗauka a nan ba. Kuma shanun nan ba bauta musu ake yi ba, kaya suke ɗauke da shi, uku na kallon arewa, uku yamma, uku kudu, uku gabas.

MaiUnguwa
Jama'a, dokar zaure tana nan. Tarihi muke yi, ba wa'azi ba. Kowa ya riƙe addininsa, a ci gaba.

Maƙerin_Fari
Allah ya ba Mai Unguwa haƙuri, ni ta wajen sana'a zan shigo. Ina zuba tukwane da ƙananan kayan tagulla. Abin da mutane ba su sani ba, zubi ba ya jira. In ka fara zubawa dole ka gama kafin na farko ya daskare, in ba haka ba wurin haɗuwar zai zama tabo, nan ne zai tsage. Tukunya mai kilo goma ma sai ka yi da gaske. To Malama ta ce tan 20 zuwa 30. Wannan sai an jera murhu da yawa a kewaye da ramin, kowanne da masu zuga, a buɗe su kusan lokaci guda, ko kuma a zuba shi kashi-kashi a haɗa. Ina aka yi aikin? Don ƙasar wurin ita ce rabin sana'ar.

ɗan_tarihi
A kwarin Urdun, tsakanin Sukkot da Zaretan, kuma nassin ya ce a ƙasar yumɓu. Ka ga maganarka ta fito. Sai dai ka tuna kwarin Urdun yana ƙasa da matakin teku, Urushalima kuma tana kan duwatsu sama da mita 700. Yadda aka hau da abin nan, wannan wata muhawarar ce. Tagullar kuma, 1 Tarihi 18:8 ya ce Dawuda ne ya kwaso ta ganima daga garuruwan wani sarki mai suna Hadadezer. An kuma tabbatar ana haƙar jan ƙarfe sosai a Timna da Fainan, kudu da Tekun Gishiri, a ƙarni na 10 kafin haihuwar Annabi Isa, zamanin Sulaiman ke nan.

Maƙerin_Fari
Hawan dutse da tan 25. Allah ya jiƙan shanun da suka ja.

Dan_Gaskiya01
To ina suke yanzu? Ko guntu ɗaya an samu?

ɗan_tarihi
Ba a samu ba, kuma littafin da kansa ya faɗi dalili. Sarki Ahaz, wanda ya je Dimashƙu ya gana da Tiglat-filesar na Assuriya wajen 732 kafin haihuwar Annabi Isa, ya yanke allunan jikin dakalan, ya sauke darunan, ya ɗauke Tekun daga kan shanun ya ajiye a kan daɓen dutse. 2 Sarakuna 16:17. Da yawa na ganin haraji ne ya ci tagullar. Sannan a 586 sojojin Nebukadnezzar suka farfasa ginshiƙai da dakalai da Tekun, suka kwashe tagullar zuwa Babila. Tagulla ba ta kwana a ƙasa, narkar da ita ake yi. Wurin da Haikalin yake kuma ba a tono a cikinsa, kowa ya san dalili, harabar Masallacin Ƙudus ce a wurin. Akwai masanan da ke ganin bayanin ya fi dacewa da abin da marubuci ya gani a ƙarshen zamanin sarakuna, ba lallai na ranar farko ba. Amma manyan kwatarniyoyi a ɗakunan ibada na yankin ba tatsuniya ba ce, akwai ta dutse daga Amatus a Kubrus, faɗinta ya wuce mita 3, da siffar bijimai a hannayenta, tana gidan tarihi na Luba a Faris.

Fasto_Z
A lura da abin da Ahaz ya yi, don ya shafi tambayar. Ya sauke darunan daga kan dakalai, ibada kuma ta ci gaba fiye da shekara 140. Ashe ana iya yin aikin ba tare da ƙafafun ba. Wannan ya ɗan ƙarfafa Bamaguje.

Amma ni ba zan ce ado kawai ba. Ezekiyel firist ne, an kwashe shi zuwa Babila a 597, ya san farfajiyar nan. Da ya ga wahayin kursiyin Allah, me ya gani? Ƙafafun keke, da halittu masu fuskar zaki da ta sa, waɗanda daga baya ya kira kerubobi. Abubuwan da ke jikin dakalan ke nan. Akwai masu nazari da ke ganin dakalan suna nuna karusar sama ce mai ɗauke da ruwa, Tekun kuma babban ruwan da Allah ya yi wa iyaka. Abu na iya zama yana da ma'ana ko da ba a tura shi kullum.

SarkinPawa_Jr
Fasto, da girmanka, ma'ana ba ta wanke hanji. Bayan Ahaz ma ai sai sun nemo wata dabara.

ɗan_tarihi
Sun nemo kuwa, aƙalla a Haikali na biyu, wanda Romawa suka rushe a shekara ta 70 bayan haihuwar Annabi Isa. Mishna, tsohon littafin dokokin Yahudawa, ta ambaci ɗaki na musamman na ɗauraye kayan ciki, da magudanar da ke kwashe jini zuwa kwarin Kidron, har ana sayar wa masu lambu su yi taki. Ba a maganar daruna goma a lokacin, daro ɗaya ne na firistoci. Wani mai suna Ben Katin ya yi masa bakin famfo 12, da can 2 ne kawai. Ya kuma yi masa na'urar da ke sauke shi cikin rijiya da dare, saboda a ƙa'idarsu ruwan da ya kwana a cikin tsarkakakken mazubi ya ɓaci. Yadda ake wankin kuma, firist zai ɗora hannun dama a kan ƙafar dama, na hagu a kan ta hagu, ruwa na zubo masa. Babban firist a Ranar Kafara yana wanka 5, wankin hannu da ƙafa 10.

MalamarLissafi
Wannan ya amsa na Haikali na biyu. Na Sulaiman fa, babu inda aka ambaci famfo, ko a Tekun ko a darunan. Tekun kaɗai ya haura mita 2, ga kuma tsayin shanunsa. Ko dai tsani da guga, ko akwai abin da marubucin bai ga dalilin faɗa ba. Kuma ku lissafa cika shi, tulu mai lita 20 sau 2,200, ga maɓuɓɓugar Gihon can ƙasa a gindin tudu.

TsohonGaruwa
Wa ke ɗebowa? Su nake tausayi.

Fasto_Z
Yoshuwa sura 9 ta ce an mai da Gibeyonawa masu saran itace da ɗiban ruwa domin bagaden. Akwai kuma ramukan tara ruwan sama da aka sassaƙa a dutsen.

Bamaguje_77
Na karanta duka. Sarkin Pawa ya girgiza ni, ban musa ba, amma Baba Garuwa ya ce abin ba ya kwana, kuma an ce biyar kudu biyar arewa, kamar kowanne da mazauninsa. Har yanzu ina nan kan bakana, sai dai na rage murya.

SarkinPawa_Jr
Ka zo mayanka ranar jajibirin Sallah da asuba, ka zo da takalmin roba. In ka koma gida sai mu ƙarasa.

UwarBiyu
Ɗan tarihi, tsaya. Hannu biyu a kan ƙafa biyu, mutum a sunkuye, to wa ke buɗe masa famfon?